Maraƙar da Aka Haifa Don Azumi

Sau uku ke nan a rayuwata ina ganin azumi ya ratsa ta cikin bazara. Duk wanda ya daɗe a duniya ya san watan ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yana matsowa da 'yan kwanaki, daga damina ya gangaro bazara, daga bazara ya shiga sanyi, ya bi ta kaka, ya sake komawa damina. A wannan zagaye na uku, wata rana bayan la'asar ina zaune a ƙofar masallacin unguwarmu a Tarauni, sai ga adaidaita sahu ta tsaya, samari suka shiga sauke robobin nono masu sanyi, sadakar wani bawan Allah ga masu buɗa-baki. Na karɓi ɗaya na jujjuya ta a hannu. Fari tas, mai kauri, har da raɓa a jikin robar. A bayan gari kuwa, a daidai wannan lokacin, babu ciyawar da za ta ƙosar da akuya balle saniya. Na tambayi matar da ta kawo kayan, na ce, "Hajiya, wace saniya ce ke ba da wannan a tsakiyar bazara?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai na gari ne. Buhu muke saye mu dama. Ba ruwansa da damina, ba ruwansa da rani." Gaskiya ta faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai ni na taso a zamanin da ɗanɗanon nono kaɗai ya isa ya gaya maka lokacin da ake ciki.

Gidanmu yana Gyaɗi-Gyaɗi, tun tana ƙauye a bayan ganuwa. Inda yanzu shaguna suka jeru, da masu gyaran waya da masu sayar da kayan gini, gonakin gero ne da gyaɗa. Wani burtali ya ratsa tsakaninsu ya nufi Tarauni, an shinge shi hagu da dama da bini-da-zugu don kada dabba ta shiga gonar mutane. Ta nan nake kora shanunmu kowace safiya, ta nan nake dawowa da su. Yanzu idan na farka, ƙarar injin wuta na maƙwabta nake fara ji, da hon ɗin masu kai yara makaranta. A wancan lokacin kukan saniya ne tana kiran ɗanta, da amsawar ɗan daga inda aka ɗaure shi, sannan ƙarar tatsa. Ita ma ƙarar iri biyu ce. Da farko madara na dukan gindin ƙwarya da ƙara siririya mai kaifi, in ƙwarya ta fara cika kumfa ya taru sai ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa. Ina kwance a ɗaki nakan san yawan abin da aka samu, daga saurin da ƙarar farko ta koma ta biyu.

Shanunmu biyar ne, kuma duk daga karsana ɗaya suka fito, wadda Inna ta zo da ita gidan miji. Inna ita ce mahaifiyar Baba, Bafulatana ce, kuma ita ke da tatsa da duk wata shawara a kan turke. Baba maɗinki ne, a zaure yake wuni da allura da zare, yana noma gonarsa da damina. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tsakaninsu akwai kunyar nan da yaran yanzu ba za su gane ba. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya gaishe ta, takan amsa tana kallon wani wuri. In tana da saƙo gare shi, sai ta faɗa wa ni, ko ta faɗa wa saniya, yadda zai ji. "Mutumin zaure" take ce masa. Ni kuwa jikanta, "maigida" take kira na, tana tsokana ta wai ta gaji da auren mijin da ba ya kawo cefane.

Inna ta san maruƙa gwargwadon lokacin haihuwarsu, kuma ban taɓa ganin maganarta ta saɓa ba. Wanda aka haifa a farkon damina shi ne ɗan gata. Yana faɗowa ciyawa na tsirowa, uwarsa na murmurewa, nono na ƙaruwa kullum, kafin rani ya kama ya yi wata biyar ko shida, ya iya neman abinci da bakinsa. Na tsakiyar damina yana samun nono, amma taɓo da ƙuda da tsutsar ciki sukan rage masa. Na kaka yana morar harawa da karmami ta jikin uwarsa wata biyu ko uku, daga nan nonon ya fara janyewa tun bai yi ƙwari ba. In aka zo kan na bazara, Inna kai kawai take kaɗawa. Don haka ƙa'idar gidanmu ɗaya ce. Ba mu da bijimi, sai dai mu kai saniya wata ruga da ke can bayan Daurawa, kuma ba a kai ta sai gero ya fid da kai. Saniya wata tara da 'yan kwanaki take yi da ciki. Wadda aka kai gero na fid da kai, za ta haihu ana shuka.

Tana kuma da wata al'ada da ban gan ta a wurin kowa ba. Duk maraƙin da aka haifa sai ta tufka masa siririyar igiyar rama tasa ta kansa. Kowace Juma'a da safe, bayan tatsa, sai ta zagaya igiyar a ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba, inda bakin igiyar ya haɗu ta yi ƙulli. Juma'a mai zuwa ƙirji ya ƙara faɗi, sabon ƙulli ya matsa gaba. Na farkon damina, tsakanin ƙulli da ƙulli yakan ci faɗin yatsa guda, wani makon har da rabi. In maraƙi ya yi wata shida sai ta naɗe igiyar ta soke a rufin ɗakinta. Ba ta iya karatu ba, amma tarihin kowace dabba a gidanmu yana nan a soke a saman gadonta.

Kakana, mijin Inna, wanda ake kira Malam, yana da wata sadaka da aka san shi da ita. Duk azumi, kowace yamma, ƙwarya guda ta nono da fura takan fita daga gidanmu zuwa masallaci. Ya yi haka shekara da shekaru har Allah ya karɓi ransa. Bayan rasuwarsa Baba ya ci gaba, amma ƙwaryar ta riƙa raguwa, har aka yi azumi uku a jere ba ta fita ba, domin azumi na zuwa ya tarar shanun duk sun ƙafe, suna jiran haihuwa. A ƙarshen na ukun ne abin ya faru. Akwai wani mahauci, sa'an Baba, tare suka yi makarantar allo, ba ya ganin Baba bai tsokane shi ba. Ana zaune a ƙofar masallaci ana jiran kiran magariba, kowa da ɗan ƙoƙon kununsa, ya dubi Baba ya ce, "Mai allura, wai shanun nan na gidanku takaba suke yi har yanzu? Tun da Malam ya tafi ba mu sake jin ƙamshin man shanu ba. Ko hannun ne ya bambanta?" Mutane suka yi dariya. Shi wasa yake yi, amma maganar hannu ta soki Baba. Ina gefensa, na ga yadda ya ajiye ƙoƙonsa. Ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, ƙwaryar Malam za ta dawo. Daga ɗaya ga wata har jajibirin Salla. Ku zama shaida." Aka ce Allah ya nufa.

Baba mutum ne mai lissafi. Ya zauna ya ƙirga wata tara da 'yan kwanaki baya daga azumi mai zuwa, ya ga lokacin ya faɗo wata guda da ɗoriya bayan ƙaramar Salla. Akwai saniyarmu mafi kyau, Mai Kwalli, wadda muke kira haka saboda baƙin da ya zagaye idanunta. A shekarar ba ta da ciki, Inna na tanadin ta sai gero ya fid da kai. Baba ya shiga saya mata dusa da angurya, yana ba ta ita kaɗai, har ta yi kyau ta fara neman bijimi tun ruwan shuka bai daɗe da sauka ba. Ranar da ya ce in kai ta ruga, Inna na zaune tana wanke ƙore. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Maigida, wannan tafiya da sassafe, ina za ka da matar mutane?" Na ce, "Ruga, Inna. Baba ya ce." Sai ta juya wajen saniyar ta ce, "Mai Kwalli, ke kin san azumi? Ni dai tun da nake, ciyawa na san kin sani." Baba na tsaye a bakin zaure, ya ji sarai. Ya ce, yana kallon ƙasa, "A yi haƙuri, Inna. Na riga na yi magana a gaban mutane." Na ja igiya muka bi burtali.

Lissafin Baba bai kuskure ba. Saura kwana shida a ga wata Mai Kwalli ta haihu, kuma mace ta haifa, fara mai baƙin kunne, irin wadda kowane mai shanu ke roƙo. Shekara uku gidanmu maza ake haifa, Mai Kwalli kuma ta fara manyanta, saboda haka wannan maraƙa ita ce za ta gaje ta. Iya, mahaifiyata, ta raɗa mata 'Yar Azumi. Amma duniyar da ta faɗo cikinta ba irin wadda 'yan'uwanta suka tarar ba ce. Karmami ya ƙare tun da daɗewa. Harawar da ta rage a kan rumfa ba ta fi 'yan damma ba. Gonaki sun zama fili fetal, shanu na tafe suna lasar ƙasa, suna tauna tsumma in sun samu. Ni da azumi a bakina nake ɗaukar doguwar ƙugiya in bi gawo ɗaya bayan ɗaya har cikin Tarauni, ina kakkaɓo musu 'ya'yansa, kuma ba ni kaɗai ke neman su ba. Rijiya ta yi ƙasa, sai an ƙara wa guga igiya. Duk abin da Mai Kwalli ta ci, zafin rana ya shanye rabinsa kafin ya kai hantsa.

Kwanakin farko Inna ta bar wa maraƙar dakashi, nonon farko, duka, wannan ko Baba bai yi gardama ba. Da aka ga wata aka fara tatsa. Dokar Inna ta kullum ita ce kan nono biyu na gida, biyu na ɗa. Da damina biyun nan na gida kan cika ƙwarya da safe, su ba da rabi da yamma. Yanzu na safe da na yamma a haɗe ba su kai rabin ƙwarya ba. Baba ya leƙa ya ce a ƙara na uku. Bayan kwana biyu ya ce a tatse duka, a bar mata abin da ya saura. Iya ta kawo shawara a asirce, ta ce, "Inna, ko a ɗan ƙara ruwa a zuba garin kuka? Ai haka masu talla ke yi da rani, ba mai ganewa." Inna ta ce, "Wanda ake yi dominsa zai gane. Ba na algus a abin sayarwa, balle a sadaka." Haka ƙwarya ta riƙa fita kullum, ba ta cika ba amma ta wuce rabi, ana shi wa Baba albarka, mahaucin na cewa yanzu ya yarda ɗan Malam ne.

Aikina a wurin tatsa shi ne janye maraƙa. Saniya irin tamu ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Don haka sai a sake shi ya kama, da zarar hantsa ta cika kumfa ya bayyana a bakinsa, sai a janye shi a ɗaure a ƙafar uwar ta gaba, tana lasarsa ana tatsarta. Na janye maruƙa da yawa kafin wannan, kuma na san ƙarfinsu. Ɗan damina mai mako biyu sai ka kafa ƙafa ka ja da hannu biyu, wani lokacin ya kayar da kai. 'Yar Azumi a makon farko ta yi mini gardama sosai. A na biyu da hannu ɗaya nake janye ta. A na uku ina taɓa igiyar sai ta saki da kanta, ta tsaya ƙafafu a tale, kai a ƙasa. Gashinta ya tashi tsaye, ya daina sheƙi. Idanunta suka faɗa. Ta daina amsa kiran uwarta da safe. Ban faɗa wa kowa ba, amma na fara tsoron fitowa da asuba, kada in tarar da ita a miƙe.

Juma'ar farko Inna ta yi ƙulli. Ta biyu ta yi wani, tsakaninsu ko rabin yatsa babu. Ta uku bakin igiya ya faɗa daidai kan ƙullin da ya gabata, babu wurin yin sabo. Ta huɗu, ranar da muka kai azumi ashirin da ɗaya, Inna ta zagaya igiyar, ta ja, ta sake zagayawa. Bakin igiyar ya wuce ƙulli na biyu ya komo kusa da na farko. Maraƙar baya take komawa. Inna ta daɗe a tsugune. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, ta zaro igiya biyu daga rufi, ta haɗa da ta hannunta ta miƙo mini. Ta ce, "Maigida, kai wa mutumin zaure." Na ce, "In ce masa me?" Ta ce, "Ba saƙo. Yana da ido."

Na tarar da Baba yana aikin wuyan wata riga. Na durƙusa na ajiye igiyoyin a kan tabarma. Ya san su, domin a gidan ya girma, amma ban tsammanin ya taɓa riƙe su ba. Ya ce, "Wannan ta wace ce?" Na ce, "Ta Mai Kwalli ce, tana ƙarama." Ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Ta ɗan bijimin bara, wanda aka haifa ana shuka." Bai tambayi ta ukun ba. Ya miƙar da su a jere, ya daidaita bakinsu kamar yadda yake daidaita ƙyalle kafin ya yanka. Biyun farko ƙulle-ƙullensu sun tafi a jere, kowanne da tazararsa. Ta ukun ƙulli biyu ne manne da juna, sai igiya ziryan. Ya ce, "Juma'a nawa ke nan?" Na ce, "Huɗu." Ya ce, "Ina sauran biyun?" Na ce, "Babu inda za a yi su, Baba. Ta yau ma baya ta koma." Maɗinki ne, ya san abin da awo ke nufi. Ya soke allurarsa a jikin rigar ya tashi.

Ya shiga gida ya wuce turke kai tsaye, ya sunkuya ya sa hannu biyu ya ɗaga maraƙar. Na ga yadda ta taso masa da sauƙi fiye da yadda ya shirya, har ya ɗan yi baya. Ya sauke ta a hankali. Ya tsaya ya ba Inna gefe, ya ce, "Inna, saura kwana tara. Kuma goman ƙarshe ne. Ba za ta iya kwana tara ba?" Inna ta dafa wuyan saniyar ta ce, "Mai Kwalli, gaya musu. In an bar miki 'yarki daga yau, ina sa ran za ta ga ruwan sama. In ba a bari ba, ba za ta ga Salla ba. Ki kuma gaya musu, wanda ya fara fitar da ƙwaryar nan bai taɓa cire ta daga bakin ɗa ba." Baba ya ce da ni, "Kwance ta." Na kwance igiyar. Maraƙar ta taka a hankali ta kama. Ya juya wajen Iya ya ce, "A dama kunun tsamiya. A zuba a ƙwaryar Malam."

Shi da kansa ya ɗauki ƙwaryar da yamma, ina biye da ludaya. Aka buɗe faifai, mahaucin ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "A'a! Mai allura, yau saniyar tsamiya ta yi kiwo?" Dariya ta tashi. Baba ya bari ta lafa, sannan ya yi magana da muryar da kowa zai ji. Ya ce, "Jama'a, na sa ku shaida a kan alkawari, yau ina sa ku shaida na kasa. Kwana ashirin kuna buɗa baki da rabon 'yar maraƙa, ba ku sani ba, ni na sani. Ta kusa mutuwa. Daga yau har Salla kunu zan kawo." Mahaucin ya ce, "Kai, da gaske a bazara ka sa ta haihu? Da gangan?" Baba ya ce, "Da gangan." Ya ce, "Amma kai dai allura ce kawai ka iya. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Irin waɗannan ne ake kawo mini a kafaɗa kullum a wannan watan, fata da ƙashi." Baba ya ce, "Ai bakinka ne ya jawo." Ya ce, "Bakina ya ce ka kawo nono, bai ce ka kashe gida ba."

Sai ladaninmu, wani tsoho da ya yi zamani da kakana, ya ɗaga hannu kamar wanda ya tuna wani abu. Ya ce, "Ku tsaya. Lokacin da Malam ke aiko da ƙwaryar nan, ba da faifai biyu ake rufe ta ba saboda ruwa? Ni na sha karɓar ta a hannun yaro yana jiƙe sharkaf. A cikin masallaci muke shan ruwa, ba a waje ba, indararo na zuba." Wani ya ce ƙwarai, har da ɗanyar masara ake haɗawa. Wani ya ce shi ma ya tuna sauro a wurin asham. Ladan ya dubi Baba ya ce, "To ai ka ji. Ba hannun Malam ne ya fi naka ba, ɗana. Shi azuminsa da damina ya yi. Watan ne ya matsa ya bar shanu a baya, mu kuma muna zaune muna ta zargin mutum." Duk dattawan da ke wurin sun yi waɗancan azumin, sun kuma san saniya, amma babu wanda ya taɓa haɗa abu biyun. Lokaci ya yi, ladan ya tashi ya kira salla, aka sha kunu. Washegari da hantsi sai ga mahaucin a ƙofar gidanmu da kwandon dusa a ka da ƙullin kanwa, yana cewa a kai wa mara lafiya, kuma a gaya mata ba ya son ganin ta a wurin aikinsa.

Juma'ar da ta biyo baya igiya ta komo kan ƙulli na biyu. Bayan Salla Inna ta samu wurin yin na uku, tazarar ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ruwa ya sauka bayan kamar mako uku, ciyawa ta fito, hantsar Mai Kwalli ta cika, daga nan ƙulle-ƙullen suka fara buɗewa. 'Yar Azumi ta rayu. Amma abin da ta rasa a watanta na farko bai dawo duka ba. Wani maraƙi da aka haifa ana shuka, wanda ta girme shi da wata biyu da rabi, ya kamo ta kafin a yanke gero, ya wuce ta kafin a yanke dawa. Ta girma guntuwa, ta yi haihuwar fari shekara guda bayan sa'anninta, kuma ko a tsakiyar damina ba ta taɓa cika ƙwarya ba. Amfanin da ta yi mana shi ne 'ya'ya mata uku, duk an haife su ana shuka, kuma ta farinsu ta ɗauko kakarta a yawan nono. Tun daga wannan shekarar Baba bai sake sa baki a lokacin kai saniya ruga ba. In gero ya fid da kai, yakan ce da ni, "Je ka tambayi masu shanu."

Shekara goma sha biyu aka yi kunu na fita a ƙwaryar. Azumi ya bar bazara, ya ratsa sanyi, ya isa ƙarshen kaka, lokacin da gonaki ke cike da karmami da harawa, shanun da suka haihu da damina kuma ba su ƙafe ba. Inna ba ta ga wannan shekarar ba. Na riga na zama magidanci, ina aiki a cikin birni, amma na zo shan ruwan farko a gida. Iya ta tatsi 'yar 'Yar Azumi, kan nono biyu kawai, ƙwarya ta cika har baki. Baba ya ɗauka da kansa. Mahaucin na nan a wurinsa, gemu ya yi fari, haƙora sun ragu. Ya ɗaga faifai, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mai allura, ka yi latti." Baba ya ce, "Ban yi latti ba. Wata nake jira." A hanyarmu ta komawa na lura da duwatsun awon filaye da aka kakkafa a gefen burtali, an shafa musu farin fenti. Kafin azumi ya ƙarasa cikin damina, inda kakana ya san shi, burtalin ya zama titi, gonakin sun zama gidaje, an kai sauran shanunmu riƙo wurin dangin Inna. Watan ya dawo ya tarar babu turke.

Da aka rushe ɗakin Inna don a yi na bulo, igiyoyin suka zubo daga rufi, da yawa gara ta ci. Ɗaya na ɗauka. Tana cikin akwatina har yau, tare da takardun fansho. Ranar da na dawo daga masallaci da robar nonon nan mai sanyi, na sha, kuma da daɗi. Sannan na ciro igiyar na bi ta da babban yatsa. Ƙulli biyu manne da juna, na uku dab da su, daga nan tazara ta fara buɗewa. Ko da ido a rufe ina iya nuna daidai wurin da Baba ya ce a kwance ta.